Hannun Ɗan Mai Ɗori

Shafi na 23

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau.

Masu cika min waya da "Anti shiru" da "Anti mun gaji da jira", duk na ji ku. Amma kafin ku fara karatu, don Allah ku miƙe wuya, ku ja kafaɗun nan baya. Ina hango ku daga nan, kowa ya tanƙwashe kamar mai tsintar tsaba.

Mun bar Rabi'atu a tsakar gidansu na Dukawuya bayan la'asar, riƙe da ƙarfen gwada damƙar hannu da ta aro daga jami'a, inda take shekarar ƙarshe a karatun gashin ƙashi. A gabanta ga ƙaninta Saminu, ɗan aji biyu, wanda jibi Juma'a mahaifinsu Malam Isyaku mai ɗori zai damƙa wa sana'ar gidan a gaban dangi.

*

"Sake matsewa," Rabi'atu ta ce.

"Yaya, sau uku fa ke nan."

"Na ce ka sake."

Ya karɓa yana ɓata rai. Ƙarfe ne mai mariƙi, da ɗan agogo a kansa, in ka matse sai allurar ta nuna ƙarfin damƙarka. Saminu ya cije leɓe, ya matse har jijiyar wuyansa ta miƙe. Allura ta taka a hankali, ta je ashirin da uku, ta tsaya cak.

Rabi'atu ba ta rubuta ba. Biron ma ajiye shi ta yi.

"Ɗalibai sittin na gwada saboda project ɗina. Samari tsaranka arba'in suke bugawa, wasu su haura. Hagunka ma ta ba ni talatin da huɗu. Ya za a yi damarka ta tsaya a ashirin da uku?"

"Ƙarfen naku ne ya gaji. Kayan aro ai sai a hankali."

"Cire rigarka."

"Haba Yaya."

"Ni na goya ka, Saminu. Babu abin da ke bayan nan da ban sani ba. Cire, ka fuskanci bango."

Ya cire yana ƙunƙuni. Ta sa shi ya dafa bango da hannu biyu ya tura, sannan ya ɗaga hannayen sama ya sauke su sannu a hankali. Allon kafaɗarsa na hagu ya bi hannun sumul, ya tafi ya dawo mazauninsa. Na dama kuwa sai da ya yi gardama, ya maƙale, sannan ya fizgo, gefensa ya ɗago daga jikin haƙarƙari kamar murfin tukunyar da bai zauna ba.

A makaranta Rabi'atu ta ga irin wannan ya fi a ƙirga, har dariya suke yi wa masu shi ita da ƙawayenta. Yau da ta gan shi a bayan ɗan ɗakinsu, babu abin dariya a ciki ko kaɗan.

"Ba ni wayarka."

"Babu caji."

"Ina jin ta tana zuuu a aljihunka tun ɗazu."

Ya miƙa mata ba tare da ya juyo ba. Ta shiga inda wayar ke nuna lokacin da aka ɓata a kanta, ta duba, ta sake dubawa ko idonta ne.

"Awa goma sha ɗaya da minti arba'in. A rana ɗaya. Saminu, yaushe kake cin abinci?"

"Handout ɗinmu duk a ciki suke."

"Ni ma ɗaliba ce, kar ka raina min hankali."

Ya sulale ya zauna a gindin bangon, rigar a cinyarsa.

Ni dai na san halin samarin nan, in an ritsa su sai su ɗora laifi a kan handout. Amma Saminu yau bai da ƙarfin ƙarya mai tsawo.

"Rabin lokacin ƙwallo ce da hira, ba zan ɓoye miki ba," ya ce a hankali. "Sauran kuma, buɗe wajen bidiyo ki gani."

Ta buɗe. Ta yi ta ja da yatsa, abin ya ƙi ƙarewa. Yadda ake mayar da kafaɗar da ta goce. Yadda ake jan tsintsiyar hannu. Gwiwa, idon sawu, ƙashin wuya. Wasu da Turanci, wasu da yaren da ko shi ba ya ji.

"Tun ranar Sallah da Baba ya ce bana zai ba ni gado nake kallonsu. In kwanta a kan gefen nan, wayar a hannun nan, in yi ta maimaitawa. Ni tsoro nake ji, Yaya. Baba yana taɓa ƙashi ya san inda ya nufa. Ni in na taɓa, nama kawai nake ji. Na ce bari in cike gurbin da ido."

Tausayinsa ya kama ta, har sai da ta kawar da kai. Ta so ta yi masa faɗa, faɗan ya ƙi fitowa.

"Tun yaushe hannun ya fara?"

"Wata huɗu. Da farko wuya ne da kafaɗa, kamar an ɗora min buhu. Sai buta ta fara suɓuce min. Makon jiya ina riƙe wa Baba ƙafar wani mutum a zaure, yatsuna suka mutu. Ce masa na yi fitsari ya matse ni, na fito na tsaya a bayan ƙofa ina yarfe hannu."

"Kuma ba ka faɗa wa kowa ba."

"In faɗa wa wa?"

"Ni mece ce a gidan nan?"

Ta tsuguna a gabansa, ta kama hannun tana murza masa tsakanin babban yatsa da manuniya.

"Saurara. Wannan ba mutuwar hannu ba ce. Naman da ke riƙe allon ne ya yi sanyi saboda zaman tanƙwashe, shi kuma hannu daga kafaɗa yake samun gindin zama. In ka rage wayar, ka bi motsa jikin da zan koya maka, wata biyu zuwa uku za ka ga canji da yardar Allah."

"Wata uku. Juma'a jibi ce."

"Shi ya sa za mu faɗa wa Baba yau."

Ya fizge hannunsa.

"Don girman Allah, Yaya, kar ki yi min haka. Ja ɗaya ne fa. Dangi su taru, in ja sau ɗaya a gabansu, a yi addu'a a watse. Daga nan wallahi ko a rijiya kika ce in jefa wayar zan jefa."

"Ja ɗayan a jikin mutum za ka yi shi. In hannunka ya saki a tsakiya fa? Ka san abin da ke faruwa da ƙashin da aka ja aka sake shi bai kai ba."

"Zan daure."

"Sau huɗu ka daure yanzu a gabana. Ashirin da uku."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya sa rigar ya rufe fuska, muryarsa na fita daga cikinta.

"Ba ki ji abin da ya ce min ba ne. Ya ce, Saminu, kakanni shida suka riƙe zauren nan, ba ni da wanda zan bar wa sai kai. Ta yaya zan kalli tsohon nan in ce masa waya ta cinye hannun? Ko ciwo ne Allah ya ɗora min ai da sauƙi. Ni na yi wa kaina. Kar ki faɗa masa, Yaya."

"Wa ake cewa kar a faɗa wa?"

Su duka biyun suka daskare.

Malam Isyaku ne tsaye a bakin ƙofar da ta haɗa zaure da tsakar gida, carbinsa na zagaya a hannu kamar kullum. Idonsa ya yi rauni shekara biyu ke nan, amma kunnen nan nasa ko kaza ce ta taka tabarma sai ya ji.

"Baba, sannu da fitowa," Rabi'atu ta ce. "Karatu muke..."

"Na ji karatun. Shimfiɗa min tabarma, ki ɗauko min kwalbar man shanu a zaure. Kai kuma zo nan ka ba ni baya."

Saminu ya ja jiki ya zauna a gaban mahaifinsa, kansa a ƙasa. Jira yake a yi masa tsawa, ko a ce ya tashi ya ba mutane wuri. Sai ya ji tafin hannu mai ɗumi ya sauka a bayansa.

Malam ya lakaci man, ya bi gefen allon da babban yatsa, daga sama har ƙasa.

"Ɗaga hannun. Sauke. Sake ɗagawa." Ya yi ɗan murmushi. "Allon nan barci yake yi. Rabi, me kuke kiran wannan a makarantar taku?"

Ta faɗa masa da Turanci.

"To. Duk wannan dogon sunan na barci ne."

Dariya ta so kuɓuce wa Saminu, sai ta juye ta zama kuka. Kuka sosai, irin wanda rabonsa da shi tun yana firamare.

"Baba ka yafe min. Na ɓata maka..."

"Yi shiru, kana motsa min allon." Ya ci gaba da murzawa. "Kana tsammanin yau na sani? Kullum kai kake riƙe ni mu tafi masallaci. Da, in za mu tsallake kwatar lungun nan, in ka damƙe ni ji nake kamar an ɗaure ni da igiya. Tun watannin baya na ji damƙar ta fara sakwarkwacewa. Yanzu in mun zo kwatar, ni nake riƙe ka, kai ba ka ma lura ba."

Rabi'atu ta share ido da bakin mayafinta.

"To Baba, tunda ka sani, me ya sa ba ka ɗaga ranar ba?"

Hannun Malam ya tsaya a bayan Saminu. Daga can wani gida ana jiyo ƙarar turmi, da yara masu dawowa daga Islamiyya.

"Ina ta cewa ƙuruciya ce, zai warware kafin lokacin. Na yi son kai, Rabi. Ku matso ku ga wani abu."

Ya ajiye carbin a kan tabarma. Ya miƙa hannunsa na dama a iska, ya buɗe yatsun.

Rawa hannun yake yi. Ba kaɗan ba, karkarwa sosai, babban yatsa na gogar manuniya shi kaɗai kamar mai murza gero.

"Innalillahi," Rabi'atu ta faɗa can ƙasa.

"Shekara guda ke nan. In ina jan carbi ba mai ganewa, sai a ce tsoho ya dage da zikiri. Ko uwarku ban faɗa wa ba."

Kunya ta lulluɓe Rabi'atu. Ta gwada hannun mutum sittin a makaranta, ta cika takardu da lambobi, amma hannun da ke miƙa mata kofi kullum da safe ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi ba. Ta kama shi da hannu biyu ta riƙe, kamar riƙon zai hana shi rawar.

"Gobe zan kai ka a duba ka, Baba. Akwai magungunan da ke rage shi."

"Za mu je. Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba." Ya sauke numfashi. "Kun san Hajo mai koko ta bakin lungu."

"Wadda ta zame a bakin rijiya shekaranjiya," Saminu ya ce yana jan hanci. "Ai ka ɗora ta, Baba. Ina makaranta aka ce an kawo ta."

"Ban ɗora ta ba. Gwiwar hannunta ce ta goce. Na kama, na ja, ana gab da shiga hannun nan ya ci amanata. Ta yi ƙara, 'yarta Binta ta ɗauka shigar ke nan, har tana yi min godiya. Ni kuwa na san bai shiga ba. Na naɗe mata da tsumma, na ce su dawo Juma'a a ƙarasa." Muryarsa ta karye. "Shekara arba'in da ɗaya ina zauren nan, ban taɓa sallamar mutum da ƙarya ba sai ranar. Ita ce jan farkon da na tanadar maka, Saminu. Na ce hannun yaro sabo ne, zai gyara abin da na ɓata, ba wanda zai sani."

Ɗa yana ɓoye wa uba, uba yana ɓoye wa ɗa, kowa ya jingina da ɗan'uwansa yana zaton bango ne. Wallahi ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar.

"Baba, asibiti ya kamata a kai ta, a yi hoto," Rabi'atu ta ce. "Kwana biyu ya yi yawa."

"Na aika wa Binta da haka jiya. Hajo ta ce ko a ɗaure ba za ta je ba. Wai a zauren nan aka ɗora uwarta, a nan aka ɗora mijinta, ita ba ta yarda da hannun kowa ba sai na gidan nan."

Bai rufe baki ba suka ji sallama daga zaure. Muryar mace ce, a gajiye.

"Salamu alaikum. Malam yana ciki? Binta ce. Don Allah a taimaka, hannun Inna ya kumbura, tun safe ko ruwa ta kasa sha. Ba za ta kai Juma'a ba, ga ta nan na taho da ita."

Saminu ya miƙe zumbur, ya zura rigarsa, ya fara naɗe hannun rigar. Ya yi taku biyu zuwa ƙofa.

"Saminu," Rabi'atu ta kira shi.

Ya tsaya. Ya dunƙule hannunsa na dama, ya buɗe, ya sake dunƙulewa. Ya daɗe a haka, bayansa gare su. Da ya juyo, fuskarsa ta canza, kamar ya ƙara shekaru a tsayuwar nan.

Ya dawo ya durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Baba, ka gwada hannun Yaya."

"Me ka ce?"

"Na ga takardarta, sunanta ne na farko a jerin. Talatin da takwas ta buga, ta fi ni nesa ba kusa ba. Kuma Baba, wa yake riƙe maka mata in an kawo su? Tun tana 'yar shekara goma kake kiran ta zaure, ni kuwa kana korata waje saboda matan aure ne. Shekara goma sha uku hannunta na kusa da naka. Ni bidiyo na kalla, ita ƙashin ta taɓa."

"Kai, rufa min asiri," Rabi'atu ta ce da sauri. "Riƙo daban, ja daban. Ni ban taɓa ja ba. Kuma ko zan taɓa ta, sai na duba yatsunta tukuna, in jini ba ya sauka babu mai jan komai, mota za a nema."

Malam ya juya fuskarsa wajen muryarta.

"Wa ya koya miki duba yatsu kafin ja?"

"Makaranta." Sai ta girgiza kai. "A'a. Kai ne, Baba. A makaranta suna kawai suka ba shi."

"A gidan nan mace ba ta taɓa ja ba," ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake magana. "Ko a tarihin da kakana ya ba ni babu." Ya miƙa hannu. "Kawo. Kama tsintsiyar hannuna, ki ja kamar ba ubanki ba ne."

Ta kama. Ta ja, a hankali da farko, sannan ta tsayar da ƙarfin wuri guda ba ta ƙara ba ba ta rage ba, yadda ta sha ganin yana yi. A cikin damƙarta rawar hannun tsohon ta lafa.

Hawaye ya gangaro masa har cikin gemu.

"Allah mai iko. Ina ta leƙe a waje guda." Ya lalubo kan Saminu ya dafa. "Ka san abin da ka ajiye da bakinka yanzu?"

"Na sani, Baba."

"Ba ka jin ciwo?"

"Ina ji. Sosai ma."

"Allah ya yi maka albarka. Yau na san na haifi ɗa." Ya goge fuska da hannun riga. "Tashi ka amsa musu sallama. Yayarka za ta duba, in abin ja ne ta ja, ni ina gefe ina faɗa mata. Kai za ka riƙe da hagunka. Amma Hajo ba za ta ji daga bakina ba, ni na riga na yi mata ƙarya sau ɗaya. Kai za ka faɗa mata yayarka ce za ta ja."

Sallamar Binta ta sake tashi.

Saminu ya ɗaga labulen zaure ya shiga, Rabi'atu na biye da shi.

Hajo na zaune a kan buzun da ake zaunar da masu karaya, ta jingina da 'yarta, gumi ya jiƙe mata kallabi. Hannun ya kumbura suntum har tsumman ya nutse a ciki. Tana ganin Saminu fuskarta ta washe, duk da azabar da take ciki. Ko kallon Rabi'atu ba ta yi ba.

"Alhamdu lillahi, ga ɗan gado," ta ce. "Kwana biyu da sunanka nake danne ciwon nan. Na ce wa Binta, hannun yaron nan na kakansa ne, yana taɓa ni na warke."

Ta tallafo hannun da hagunta, tana cije baki, ta miƙo masa.

"Zo, ɗana. Kama."